Idan Labarin Harbi a Makaranta Ya Iso Wayarka: Abin Yi da Abin Bari

Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a nan Marwa, haifaffen unguwar Barmare. Wannan rubutu na 'yan'uwana malamai ne da iyayen yara, daga nan har Mora da Mokolo da Kusiri, da na tsallaken kogi a Injamena. Ko a Amurka aka buɗe wa ɗalibai wuta ko a bayan garinmu, ta waya ɗaya labarin yake iso mana, kuma galibi yara sun riga mu gani. Abin da babba ya yi a sa'o'in farko da washegari shi ne zai zauna a zuciyar yaro, don haka gara mu san abin yi tun kafin ranar ta zo. Allah Ya nisanta ta.

Abu na farko, riƙe hannunka. Kada ka tura komai. Labarin sa'a ta farko kusan kullum da gyara a cikinsa: adadin mamata yakan hau ya sauka, a ce maharan uku ne alhali mutum ɗaya ne, a kama sunan wanda bai ji ba bai gani ba. Tambayi wanda ya turo maka: wa ya ɗauka, a ina, yaushe? In ya ce shi ma turo masa aka yi, to ba shi da labari ke nan. Dubi hoton da kyau. Kayan makarantar irin namu ne? Lambar motar ta Kamaru ce? Wane yare ake yi a bayan fage? Hoton da aka ce na Marwa ne a watan Maris amma ga ciyawa shar, ka san ba namu ba ne. Idan wayarka tana da Google Lens, saka hoton a ciki, sau da yawa za ka tarar ya shekara biyar yana yawo da sunan garuruwa daban-daban. Sannan ka jira rediyo, CRTV ko sashen Hausa na BBC ko RFI ko DW. Umurnin bincika labari kafin a yi aiki da shi yana nan a aya ta 6 ta Suratul Hujurat, kuma dokar laifukan intanet ta Kamaru ta 2010 ta tanadi ɗauri ga mai yaɗa labarin da ba zai iya tabbatar da shi ba.

In abin a garinku ne kuma ɗanka yana makarantar, na san ƙafa ba ta jin magana a irin wannan lokaci. Duk da haka kada a yi dafifi a bakin ƙofa. Cunkoson babura yana tare hanyar motar asibiti, kuma mu da muka ga 2015 mun san maharan yankin nan sukan zo bibbiyu, taron jama'a kuwa shi suke nema. Ranar 22 ga Yuli ta waccan shekara bam biyu ne suka tashi, ɗaya a babbar kasuwa, ɗaya a unguwarmu, bayan kwana uku wani ya sake tashi a Pont Vert. Mutum ɗaya daga gida ya je, ya tsaya inda jami'ai suka ce a tsaya. Kada kuma ka yi ta kiran wayar yaron. In yana ɓoye ne, ƙarar wayar ce za ta tona shi. Aika masa saƙo a rubuce.

Sai maganar hotunan gawa, wadda ta fi ci mini rai. A al'adarmu ko a hanya aka tsinci mamaci, abin da ake fara nema shi ne zane a rufe shi. Wanda ya yaye zanen don mutane su kalla, kowa zai ce ba shi da tarbiyya. To ɗaukar gawar yaro a waya a watsa a zauren WhatsApp na unguwa ai yaye zanen ne, kuma wataƙila uwar yaron tana cikin zauren ba a riga an faɗa mata ba. Idan dattijo ne ya sa, kada ka kunyata shi a gaban jama'a. Bi shi ta gefe: "Baba Alhaji, barka da yamma. Don Allah a taimaka a sauke hoton nan, ana jin akwai dangin yaran a zauren." Ban taɓa ganin wanda aka yi wa magana haka ya ƙi ba. In kai ne mai kula da zauren, goge shi kawai, ka rufe tura saƙo na ɗan lokaci.

Akwai wani dalilin bayan mutuncin mamaci. Masu irin wannan kisa 'yan kallo suke so. Wanda ya kashe mutum 51 a masallatai biyu a Christchurch ta New Zealand ranar Juma'a 15 ga Maris 2019, kai-tsaye ya riƙa nuna aika-aikarsa a Facebook, kuma kamfanin ya ce a yini ɗaya ya cire ko ya tare kwafi miliyan 1.5 na bidiyon. Ɗalibin da ya kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech a Afrilun 2007, a tsakiyar ta'asar ya tsaya ya aika wa gidan talabijin na NBC hotunansa da jawabinsa, a ciki har da yabon yara biyun da suka yi kisan makarantar Columbine a 1999. Wani yana koyi da wani ne. Shi ya sa Firaministar New Zealand ta lokacin, Jacinda Ardern, ta tsaya a majalisa ta ce ba za ta taɓa ambatar sunan makashin ba, a ambaci sunayen waɗanda aka rasa. Ni ma a ajina haka nake yi, kuma a nan ma ba za ku ga sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Bidiyon da ƙungiyoyin daji suke fitarwa ma hukuncinsa ke nan. Duk wanda ya tura shi gaba ya yi musu aiki kyauta.

Washegari da safe, kada ka shiga aji ka ɗauki alli kamar ba abin da ya faru. Yara sun gani, sun kwana da shi. Ka ba abin minti goma ko sha biyar. Fara da tambayarsu me suka ji, domin sai ka ji abin da ke kansu za ka san abin gyarawa. Sannan ka faɗi abin da ya tabbata a taƙaice, ba tare da siffanta raunuka ba. 'Yan firamare jimla biyu ta ishe su: wani mugu ya cutar da yara a wata makaranta, an tsayar da shi, mu manya muna nan muna kula da ku. Kada ka yi musu alkawarin cewa ba zai taɓa faruwa a nan ba. Yaron da ya taso a wannan yanki zai gane ba gaskiya ka faɗa ba, daga nan kuma ya daina yarda da sauran maganarka. Faɗa masa abin da aka tanada.

Manyan ɗalibai kuwa, akwai tambayar da sai sun yi. Wata ɗalibata ta yi mini ita bayan kisan Uvalde a jihar Texas a Mayun 2022, inda aka kashe yara 19 da malamai 2. Ta ɗaga hannu, idonta ya yi ja, ta ce, "Malam, su an nuna hoton kowane yaro da sunansa. Mu in an kashe namu sai a ce mutum kaza. Ran namu bai kai nasu ba ne?" Wannan tambaya ba a kauce mata, kuma ba a amsa ta da "haka duniya take".

Ka fara da yarda cewa abin da ta gani gaskiya ne. A Janairun 2015 an kashe mutum 12 a ofishin wata jarida a Paris, ranar 11 ga watan shugabannin ƙasashe kusan 40 suka jera a titi suna tattaki, har da na Afirka. A cikin makon ne aka far wa Baga a bakin tafkin Chadi, kuma har yau adadin waɗanda suka mutu yana tsakanin 150 da gwamnatin Najeriya ta faɗa da 2,000 da wasu suka kiyasta. Dubi faɗin wannan tazara. Tana nufin ba wanda ya iya zuwa ya ƙirga. Daga nan sai ka warware mata dalilan. Wani ɓangare na kayan aiki ne: can akwai 'yan jarida a kowane gari, kowane yaro yana da takardar haihuwa da hoto a rajistar makaranta, nan kuwa ɗan jarida ba ya iya shiga inda abin ya faru, yara da yawa kuma ba su da takardar haihuwa. Wani ɓangaren sabo ne, duniya ta saba jin an mutu a wajenmu har ta daina firgita, kuma wannan rashin adalci ne, ka kira shi da sunansa. Amma kada ka bar ajin ya tashi da cewa tunda ba a yi kukan namu ba, mu ma ba ruwanmu da nasu. Yara 20 'yan shekara shida da bakwai da aka kashe a Sandy Hook a Disambar 2012 ba su suka raba kyamarorin duniya ba.

Sannan ka juyo da tambayar gida, a hankali. Ranar 25 ga Fabrairun 2014 an kashe ɗalibai maza 59 a kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi a jihar Yobe. Wa zai iya kawo sunan ɗaya a cikinmu? Ranar Asabar 24 ga Oktoban 2020 'yan bindiga sun shiga wata makaranta a Kumba, a ƙasarmu, suka kashe yara 7 a aji. An yi makokin ƙasa ranar 31 ga watan, amma mu a Arewa, tsakaninmu da Allah, nawa ne muka ji abin kamar 'ya'yanmu ne? Da yawa cewa aka yi rikicin masu Ingilishi ne, kamar yadda wasu a kudu suke cewa Kolofata da Fotokol matsalar 'yan Arewa ce. Mutanen Kenya sun nuna hanya. Da aka kashe mutum 148 a jami'ar Garissa ranar 2 ga Afrilun 2015, ba su jira kowa ba, su da kansu suka riƙa fitar da sunayen ɗaliban da hotunansu na lokacin da suke raye, da abin da kowanne yake karantawa. Wannan aiki ba ya bukatar izinin wata ƙasa. Littafi ne da biro.

Ga masu shirin jarrabawar ƙarshe, nakan ƙara da yadda ƙasashe suka bambanta bayan an share hawaye. A Dunblane ta Scotland an kashe yara 16 da malamarsu a Maris 1996, zuwa 1997 Birtaniya ta hana mallakar kusan duk ƙananan bindigogi. Ostireliya, bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a shekarar, ta sayi bindigogi kusan 650,000 daga hannun jama'a ta lalata. Amurka kuwa riƙe bindiga yana cikin tsarin mulkinta, kuma ko bayan Sandy Hook ƙudurin tsaurara binciken mai saye ya samu ƙuri'a 54 ne a majalisar dattawa, alhali 60 ake bukata. Sai bayan Uvalde aka samu wata doka mai ɗan dama. Ka nuna musu kuma cewa cutar tasu da tamu ba ɗaya ba ce. Can yawanci matashi ne shi kaɗai, da bindigar da ya saya a kanti ko ya ɗauko a gida. Nan ƙungiya ce mai makamai wadda makarantar ce kanta take ƙi. Maganin wani ba lallai ya yi wa wani ba, amma darasin da ya haɗa su shi ne, inda aka samu canji, iyaye ne suka ƙi yin shiru. Yarda da ƙaddara ba ta hana a tambayi wa ya bar ƙofa a buɗe.

Ka sa ido a kan yaran da suka zo mana gudun hijira daga Kerawa da Amcide da ƙauyukan bakin iyaka. Labarin nesa yana tayar musu da na kusa. Za ka ga yaro ya zabura don salansar babur ta yi ƙara, ko ya yi tsit kwana da kwanaki, ko uwa ta ce ya koma fitsarin kwance. Kada ka tsayar da shi gaban aji ya ba da labarinsa. Zauna kusa da shi lokacin tara, ka bar ƙofar magana a buɗe. In an wuce wata guda ba barci, ba cin abinci, a kai shi asibiti, a haɗa da addu'a.

Yanzu shirin makaranta. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ku zaga makarantar da ƙafa, shugaba da malamai da maigadi, kuna tambaya ɗaya: in an shigo ta babbar ƙofa, ta ina yara za su fita? Makarantunmu da yawa katanga ce mai ƙofa ɗaya, tagogi kuma duk an dasa musu ƙarfe saboda ɓarayi. A Virginia Tech maharin sarƙa ya sa ya ɗaure ƙofofin ginin daga ciki. Ɗaliban wani aji sun tsira ne ta taga, yayin da malaminsu Liviu Librescu, dattijo ɗan shekara 76, ya tokare ƙofa da jikinsa har aka harbe shi. A ajinmu wannan taga ba za ta fitar da kowa ba. Don haka a nemi ƙofa ta biyu a bayan katanga, makullinta a hannun mutum biyu aƙalla, kuma kowane aji ya samu sakata ta ciki. A ware wata alama dabam da ƙararrawar tashi, misali usur mai tsawo sau uku, wadda kowa ya san ma'anarta. A zaɓi wurin haɗuwa a waje, nesa da babban titi, malami ya fita da rajistar aji don a kira suna. A kuma yanke tun yau wa ke da ikon cewa a fita, da wanda zai maye gurbinsa in ba ya nan. A Virginia Tech sa'a biyu ta wuce tsakanin harbin farko da saƙon gargaɗi. A Uvalde jami'ai kusan 400 ne suka taru, amma sai bayan minti 77 aka shiga ajin. Yawan mutane bai yi amfani ba da aka rasa mai yanke magana.

Abin da za a koya wa yara ba shi da yawa. In akwai hanya, a gudu, a bar jaka da takalmi, a yi nesa da inda ƙarar take. In babu, a shiga aji a sa sakata, a tokare ƙofa da bencina, a kwanta ƙasa nesa da taga da ƙofa, a kashe ƙarar waya, a yi shiru. Kokawa da mahari sai in ba sauran dabara, kuma wannan na manya ne. Idan sojoji ko jandarmomi suka iso, a ɗaga hannu sama ba komai a ciki, kada a ruga gare su. Mutum ɗaya ya kira 117 na 'yan sanda ko 113 na jandarma, ya faɗi sunan makaranta da unguwa da inda ƙarar take fitowa. A gwada wannan sau ɗaya a zango, a sanar tun da wuri cewa gwaji ne, kuma kada a kwaikwayi ƙarar bindiga, akwai yaran da suka ji ta gaske.

Wanda ya ji rauni, zubar jini ce take saurin kashe shi. Ninke ɗankwali ko riga ko rawani, danna kan raunin da dukkan ƙarfinka, kada ka ɗaga don ka leƙa. In ya jiƙe ƙara wani a kai. In a hannu ne ko ƙafa kuma jinin ya ƙi tsayawa, ɗaure sama da raunin da ƙyalle mai faɗi, sa sanda ka murɗa har jinin ya tsaya, ka rubuta lokacin, kada ka kwance sai a asibiti. Ku roƙi wani ma'aikacin jinya ko mutanen Croix-Rouge su zo su nuna wa malamai da hannu, karantawa kawai ba ta isa ba.

Akwai kuma abin da ke gaban duk wannan. Wani bincike da hukumar tsaron shugabannin Amurka ta fitar tare da ma'aikatar ilimi a 2002 ya duba hare-hare 37 a makarantu, ya gano cewa a kashi 81 cikin 100 akwai wanda ya san da shirin tun kafin a yi, galibi wani ɗalibi ne. Yara suna ji, tsoron a ce sun kai ƙara ne yake rufe musu baki. A nan tsoron ya fi haka, domin yaro ya san kalma ɗaya tana iya sa a tafi da abokinsa a daɗe ba a gan shi ba. Saboda haka a samu malami ko malama guda da yara suka amince da ita, wadda za ta fara da iyaye da lawan ko jauro idan abin canjin hali ne kawai, ta kuma san cewa maganar makami ko barazana ta fili ba ta jira, hukuma ake kai wa nan take. Hali ake dubawa, ba ƙabila ba. Mun ga yadda bayan 2015 aka riƙa kallon Barebari da almajirai da 'yan gudun hijira da wani ido, alhali su ne suka fi kowa shan wuyar abin.

In kuwa abin ya taɓa makarantarku, ku je ta'aziyya a matsayin makaranta, ba kowa shi kaɗai ba. "Allah Ya jiƙansa, Allah Ya ba ku haƙuri" ta wadatar, in gidan Kirista ne a je da irin wannan zuciya. Kada a tambayi uwa yadda aka same shi, kada a ce mata ai tana da wasu. Ambaci sunan yaron, ka faɗi wani abu da ka sani game da shi, ko da kyan rubutunsa ne. Muna da abin da ƙasashe da yawa ba su da shi, zaman makoki da sadakar uku da bakwai da arba'in, ba a barin mai rashi shi kaɗai. Rauninmu yana bayan arba'in, lokacin da ƙafa ta ɗauke. Ku raba kwanaki tsakaninku a riƙa leƙawa. Kujerarsa a aji, a tambayi 'yan ajin abin da suke so a yi da ita. Kuma duk wanda ya zo da cewa abin shiri ne ko siyasa ce, a tsawata masa. An faɗi haka a kan 'yan matan Chibok 276, an faɗa a kan Sandy Hook, inda iyayen suka kai mai gidan rediyon da ya ƙaryata mutuwar 'ya'yansu kotu, aka yanke masa diyyar fiye da dala biliyan ɗaya a 2022.

Ku rubuta sunayen a littafi na musamman: suna, shekaru, aji, unguwa, rana. A nemi izinin iyaye kafin a sa hoto, kuma hoton rai za a sa. Kwafi ɗaya ya zauna a makaranta, ɗaya a wajen ƙungiyar iyaye. Chadi ta rattaba hannu a kan Yarjejeniyar Kare Makarantu ta Oslo a 2015, Kamaru a 2018, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 9 ga Satumba a matsayin ranar kare ilimi daga hari. Ranar tana faɗowa daidai da komawarmu makaranta, lokacin da ƙungiyar iyaye take shirin zaman kasafin kuɗin shekara. A wannan zama ne za ku tashi ku nemi a sa ƙofar baya da sakatun azuzuwa da akwatin agajin gaggawa a cikin lissafi, ku kuma nemi a rubuta sunan wanda zai bi aikin da ranar da zai kawo bayani.